Amsa Ga Masu Sukar Taron Tsofaffin Sojan Laima

Kowace shekara, in watan Satumba ya kama, akan ga waɗansu tsofaffi, wasu da jar hula wasu da toka-toka, suna sauka a wani ɗan gari na ƙasar Holan wai shi Oosterbeek, dab da birnin Arnhem, a bakin Kogin Rain. Waɗannan su ne ragowar sojan laima na Ingila da na Polan waɗanda aka zubo daga jiragen sama a wannan wuri cikin 1944, zamanin Yaƙin Hitila. Da fari ɗaruruwa suke zuwa, kowa da ƙafarsa, kowa da matarsa. Da tafiya ta yi tafiya sai aka koma dogara sanda. A 2024, sa'ad da aka cika shekara 80, 'yan ƙalilan ne suka iya zuwa, ƙaraminsu kuwa ya doshi shekara 100.

To, akwai wata magana da ta yi yawa a bakin mutanen da suke ganin sun waye, ita ce wai irin wannan taro ba shi da wani amfani. Suna cewa ina dalilin da za a yi ta bikin yaƙin da aka sha kashi a cikinsa? Suna cewa taron tsofaffin soja ƙawata yaƙi ne a idon yara. Babbar hujjarsu kuwa, wadda suka fi tinƙaho da ita, ita ce wai tunanin tsoho ba abin dogara ba ne, kowace shekara labarinsa ƙara gishiri yake yi, saboda haka tarihi na gaskiya yana cikin takardun da manyan hafsoshi suka rubuta aka ajiye a ma'ajiyar gwamnati, in mutum yana son sani sai ya je can. Yanzu da tsofaffin suke ƙarewa, masu wannan magana suna ganin lokaci ya yi da za a naɗe tabarmar, kowa ya huta.

Maganar nan tana da daɗin ji, amma ba ta da tushe, kuma labarin Arnhem kansa shi ne zai kā da ita. Sai dai kafin a kai ga wannan, ya kamata mai karatu ya san abin da ya auku.

Cikin Satumba 1944, Fil Mashal Montgomery na Ingila ya shirya wata dabara ta gama yaƙi da sauri. Nufinsa a zuba sojan laima su kama gadojin ƙasar Holan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan rundunar ƙasa da tankokinta ta bi ta kansu, tafiyar mil 64, har ta ƙetare Kogin Rain ta faɗa ƙasar Jamus. Gada ta ƙarshe, mafi nisa, ita ce ta Arnhem, ita aka danƙa wa Runduna ta 1 ta sojan sama na Ingila a ƙarƙashin Manjo Janar Roy Urquhart, mutum wajen 10,000. Aka ce musu su riƙe kwana biyu ko uku, gudummawa na nan tafe. Ran 17 ga wata aka fara sauke su, amma fa ba a bakin gadar ba, can wani fili mai nisan mil 6 zuwa 8 daga gare ta, kuma ba a rana ɗaya ba, don jiragen ba su isa ba. Wayar iskarsu ta ƙi aiki yadda ya kamata. Abin da ya fi duka muni, ashe akwai ragowar runduna biyu ta tankokin Jamus suna hutawa a kewayen. Wani saurayin hafsa mai kula da labaran asiri, Manjo Brian Urquhart (sunansu ne ɗaya da Janar, ba su da dangantaka), ya yi kashedi tun kafin a tashi, har ya nuna hotunan tankokin da aka ɗauka daga sama. Ladan da ya samu shi ne aka ce gajiya ta taɓa shi, aka tura shi hutun rashin lafiya.

Mutum wajen 740 kaɗai, a ƙarƙashin Laftanar Kanar John Frost, suka kai ga gadar. Suka riƙe bakinta na arewa tun daren 17 har wayewar garin 21, sa'ad da harsashi ya ƙare, gidajen da suke ciki suka ƙone a kansu. Sauran rundunar aka yi musu ƙawanya a Oosterbeek. Daren 25 ga wata aka tsallakar da wajen mutum 2,400 a ƙananan jiragen ruwa cikin ruwan sama. Fiye da 1,400 sun mutu, fiye da 6,000 an kama su. Duk da haka Montgomery ya ce dabararsa ta ci nasara kashi 90 cikin 100. Wannan ita ce irin maganar da akan samu a takardun manya.

Mai cewa taron nan ƙawata yaƙi ne, da alama bai san a gaban waɗanne mutane ake yinsa ba. Mutanen Arnhem ba su sami 'yanci a 1944 ba. Abin da suka samu shi ne Jamusawa suka kore su duka daga birninsu, aka wasashe gidajensu, ba su komo ba sai bayan yaƙi. Hunturun da ya biyo baya kuwa yunwa ta kashe mutum wajen 20,000 a yammacin ƙasar. Sojan da suka dawo ziyara bayan yaƙi, da yawansu da fargaba suka zo, suna tsammanin za a karɓe su da jifa, don sun san su ne suka jawo wa mutane wannan masifa sa'an nan suka tafi suka bar su. Sai suka tarar da abin da ba su zata ba. Tun 1945 'yan makarantar garin suka fara ɗora furanni a kan kaburburan sojan, kowane yaro da kabarinsa, kuma har yau ba a fasa ba, a maƙabartar da ke da kabari fiye da 1,700. Yaron da aka tsayar gaban dutse ya karanta sunan saurayi ɗan shekara 19, ya kuma ga wani tsoho a gefensa yana kuka ba ya ko ɓoyewa, wane ƙawa na yaƙi zai ɗauka ya kai gida? A 1994 tsofaffin da kansu suka kafa wani dutse a Oosterbeek, kusa da tsohon masaukin baƙi na Hartenstein inda Janar Urquhart ya yi hedkwata, wanda ya zama gidan ajiye kayan tarihi tun 1978. Abin da suka sa aka rubuta a kai ba kirari ba ne. Amsa laifi ne, cewa sun zo da niyyar ceto suka kawo mutuwa da rushewa, mutanen ƙasar kuwa ba su taɓa zarginsu ba. Ba a san wani janar da ya rubuta irin wannan a rahotonsa ba.

Saura babbar hujja, watau ta takardu. A nan ne labarin Janar Stanislaw Sosabowski ya shigo, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Sosabowski mutumin Polan ne. Bayan Jamus ta ci ƙasarsa a 1939 ya sulale ya fita, a 1941 ya kafa birged ta sojan laima a Sukotlan daga 'yan ƙasarsa masu gudun hijira. Burinsu ɗaya ne, a sauke su a Polan su yi yaƙin ƙwato ta. Cikin Agusta 1944 mutanen birnin Warso suka yi wa Jamusawa bore, ana karkashe su, ɗan Sosabowski na cikinsa yana cikinsu, a can ya rasa idanunsa. Birged ɗin ta nemi a kai ta, ba a kai ta ba. Arnhem aka ce za ta. Shi kuwa Sosabowski mutum ne mai kaifin harshe, ba ya iya ɓoye abin da ke ransa, ya gaya wa manyan Ingilishi a gaban idonsu cewa shirin nan ya raina Jamusawa. Ba su ji daɗi ba, kuma ba su manta ba.

Ran 19 ga wata aka shirya sauke mutanensa, hazo ya hana jirage tashi daga Ingila sai ran 21, sa'ad da gada ta riga ta kuɓuce. Aka zuba su a ƙauyen Driel, a gaɓar kudu, aka ce akwai jirgin fito da zai ƙetarar da su. Suka isa bakin ruwa, babu jirgi. Dare biyu suna ƙoƙarin ƙetare babban kogi mai ƙarfin gudu a 'yan kwale-kwalen roba, Jamusawa na bisa tudu suna yi musu ruwan wuta, wajen mutum 200 suka samu suka haye. Zamansu a Driel ya tilasta wa Jamusawa raba ƙarfinsu, ya kuma riƙe gaɓar da ragowar Ingilishi suka tsira ta kanta. Fiye da 70 daga cikinsu suna kwance a maƙabartar Oosterbeek.

To, me takardun manya suka ce? Cikin Oktoba 1944 Montgomery ya rubuta wa shugaban hafsoshin Ingila cewa mutanen Polan ba su yi yaƙin kirki ba. Cikin Nuwamba Laftanar Janar Browning, wanda shi ne ya ƙi jin kashedin tankoki, ya rubuta cewa Sosabowski mai wuyar sha'ani ne, a cire shi. Kafin shekara ta ƙare aka raba shi da birged ɗin da ya kafa da hannunsa. An sha kashi, ana neman wanda za a rataya wa jakar tsaba, sai aka sami baƙo maras gata, wanda ƙasarsa ke hannun wasu. Bayan yaƙi bai iya komawa gida ba, don 'yan gurguzu sun karɓi mulki. Ya zauna a Landan yana aikin leburanci a wata ma'aikatar kayan lantarki, janar guda, har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu a 1967.

Da a ce tarihi a ma'ajiyar gwamnati kaɗai yake zaune, da nan maganar ta tsaya, don wasiƙun nan biyu suna can da sa hannun manya, wa zai ja da su? Waɗanda suka ja da su su ne mutanen da ake cewa tunaninsu ba abin dogara ba ne. Akwai wata mace a Driel, Cora Baltussen, wadda ta yi jiyyar sojan Polan da suka yi rauni a kwanakin nan, ta ga abin da suka yi da idonta. Ta shafe sauran rayuwarta tana karɓar tsofaffinsu in sun zo taro, tana kuma damun hukumomin ƙasarta a kan a ba su haƙƙinsu. Akwai kuma tsofaffin sojan Ingila da kansu, waɗanda shekara da shekaru suna haɗuwa da na Polan a wuri guda, wannan ya faɗi abin da ya gani daga gaɓar arewa, wancan ya faɗi nasa daga gaɓar kudu, ga kogin nan a gabansu kowa na ganin faɗinsa. Ƙarya ba ta jure irin wannan zama. Mutum ɗaya ya iya ƙara gishiri a ɗakinsa, amma ba ya iyawa a gaban mutum ashirin da suka kwana rami ɗaya da shi. Marubutan da suka zo daga baya, irin su Cornelius Ryan a 1974 da Martin Middlebrook a 1994, daga bakin ɗaruruwan waɗannan mutane suka ɗebo abin da suka rubuta, kuma ba don ƙungiyoyinsu sun riƙe sunan kowa da inda yake zaune ba, da ba a same su ba.

Ran 31 ga Mayu 2006, Sarauniya Beatrix ta Holan ta ba birged ɗin Polan lambar girma mafi ɗaukaka ta sojan ƙasarta, ta kuma ba Sosabowski tasa lambar, shekara 39 bayan mutuwarsa. Cora Baltussen ba ta gani ba, ta rasu a 2005. Cikin Satumba na wannan shekara ta 2006 aka buɗe wani dutsen tunawa da shi a Driel, wanda tsofaffin sojan Ingila suka tara kuɗinsa daga aljihunsu. Cikin waɗanda suka tsaya a kan al'amarin har da Brian Urquhart, mutumin nan da aka ce gajiya ta taɓa shi.

Amma fa kada a ɗauka kowane taron tsofaffin soja haka yake. Masu suka suna da wata 'yar gaskiya, ko da yake ba su san inda take ba. Jamusawa ma suna da sojan laima, jarumai ne kuwa ba a musu, su suka ci tsibirin Kirit na ƙasar Girka daga sama cikin Mayu 1941. Da suka ci, shugabansu Janar Kurt Student ya ba da umurni a rama a kan talakawan da suka yi musu turjiya. Ran 2 ga Yuni suka tara mazan ƙauyen Kondomari suka harbe, wani mai ɗaukar hoto nasu ya ɗauki abin daki-daki, hotunan suna nan. Kashegari suka ƙone garin Kandanos ƙurmus, suka kashe mutum wajen 180. Bayan yaƙi su ma suka kafa ƙungiya, Student ya zama jigo a cikinta, suka yi ta taro shekara da shekaru suna tuna jaruntakar Kirit da 'yan'uwansu da suka faɗi, Kandanos kuwa ba ta cikin lissafi. Wani janar nasu, Ramcke, wanda kotun Faransa ta sama da laifi a 1951, ya tashi a wani taron tsofaffin soja a garin Verden a 1952 ya ce abokan gaba ne masu laifin yaƙi na ainihi. Laifi tudu ne. Bambancin taron nan da na Oosterbeek ba a jaruntaka yake ba, a wurin zama yake da waɗanda aka gayyata. Na farko a ɗaki aka yi shi, an rufe ƙofa, soja da soja, kowa na gyaɗa wa ɗan'uwansa kai. Na biyu a fili ake yinsa, a garin da aka rusa, gaban matan da aka kwantar da masu rauni a ɗakunansu, da mutanen wata ƙasa da aka zalunta. Wanda ke son gyara, abin da zai nema shi ne a buɗe ƙofa a shigo da shaidu. Rushe taron ba ya maido da sunan Kandanos.

Wanda kuwa yake son ya ga abin da rashin irin wannan zumunci ke jawowa, ba sai ya je Turai ba. A shekarar nan ta 1944, wata biyar ko shida kafin Arnhem, an ɗauki bataliya uku ta sojan Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, a jiragen sama aka sauke su can bayan dāgar Japanawa a dajin Bama, cikin rundunar Janar Wingate da ake kira Chindit. Ba da laima suka sauka ba, jirgi ne ya dire da su a wani ɗan fili da aka share a tsakiyar daji, amma abincinsu da harsashinsu da laima ake jefo musu, kuma hali ɗaya suka shiga da mutanen Urquhart, watau abokan gaba gaba da baya, ba hanyar komawa. Suna cikin waɗanda suka tsare sansanin da aka yi wa laƙabi da White City, a kan hanyar jirgin ƙasa, sa'ad da Japanawa suka yi ta kawo masa hari cikin Afrilu. Da yawansu 'yan Arewa ne, Hausa kuwa ita ce harshen bariki tun kafin yaƙin. Sauran 'yan'uwansu na Runduna ta 81 da ta 82 suna can kwarin Kaladan da Arakan.

Da aka gama yaƙi aka sallame su, kowa ya kama hanyar garinsu. Takardun da aka tono a 2019 sun nuna farin soja maras igiya akan ba shi sule 10 na kuɗin sallama a kan kowane watan da ya yi yana aiki, baƙar fata mai muƙami ɗaya da shi kuwa sule 3 da sisi. Da wane kuɗi za shi Bama ziyarar kabari? Na Gwalkwas da suka yi jerin gwano a Ankara ran 28 ga Fabrairu 1948 don neman haƙƙinsu, harsashi aka amsa musu da shi, uku suka mutu. An kafa ƙungiyar tsofaffin soja a Nijeriya, ana kuma ranar tunawa kowace shekara, amma ba a sami taro na bataliya bataliya ba, inda waɗanda suka kwana rami ɗaya za su zauna a rubuta abin da suka faɗa, a gwada na wannan da na wancan. Labarinsu ya tsaya a zaure, jikoki na ji suna dariya, suna cewa tsoho ya fara zancen Bama. Sakamakon haka, littattafan da aka rubuta a kan Chindit sun cika da sunayen hafsoshin Turawa, sojan Nijeriya kuwa sai a ambace su a dunƙule, kamar itatuwan dajin. Sunayen sun rage a jikin barikoki: Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Dodan a Ikko. Mutum nawa ne cikin masu wucewa ta ƙofofin nan kullum suka san Kalapanzin sunan kogi ne a Bama? Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ya je yaƙin, sai da ya mai da labarin ƙagagge a 2007 kafin mutane da yawa su ji cewa an yi 'yan Nijeriya a cikin Chindit.

Akwai ɗaya da ya rubuta nasa da hannunsa, Isaac Fadoyebo, mutumin ƙasar Owo, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16, ya yi aikin asibitin soja a Runduna ta 81. Cikin Maris 1944 Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a bakin Kogin Kaladan, aka harbe shi a ƙafa aka bar shi a matsayin gawa. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi, shi da wani sojan Saliyo, ya ciyar da su, alhali ya san in an gane, ransa ne. Wata tara suka yi a ɓoye kafin a cece su. Fadoyebo ya komo gida, bai sāke jin ɗuriyar mutumin ba, ba kuwa wata ƙungiya da za ta sada su. Sai a 2011 wani ɗan jaridar Ingila, Barnaby Phillips, wanda ya ci karo da rubutun nasa, ya karɓi wasiƙar godiya daga hannunsa ya tafi da ita Bama, ya yi ta cigiya har ya sami ƙauyen. Shuyiman ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa da jikokinsa aka karanta wa. Fadoyebo ya rasu a 2012.